Hannun da Ban Miƙa Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina duƙawa ina miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna. Sana'ata ke nan a wasan ƙwallon zari-ruga, kuma kada wanda ya yi dariya, da ita na rufa wa iyalina asiri. Mu biyar ne a sahun gaba, ni ne na tsakiya. Da zarar na miƙa ƙwallon ga mai jifa da ke tsaye a bayana, sai mu biyar mu zame masa katanga, mu tare ƙartin da ke son tumurmusa shi kafin ya jefa. Daƙiƙa uku kacal yake buƙata. In mun ba shi, shi za a yi wa tafi. In mun kasa, shi zai sha ƙasa. Sunana Orval Maki, amma a garin Duluth ba mai gane ni sai an ce lamba sittin da huɗu.

Muna da wata al'ada da ba a rubuta ta a littafin dabarun wasa ba. Idan aka kayar da mai jifanku, wanda ya fi kusa da shi a cikinku zai koma ya miƙa masa hannu, ya ɗaga shi, ya kaɗe masa ciyawar da ta maƙale a hular kwano. Ba koci da yake koyar da wannan, tun a sakandare kowa ke tashi da ita. Shi ma mai jifa yana da nasa haƙƙin a wuyansa. Duk Alhamis da yamma zai kai mu biyar cin abinci, mu ci har numfashi ya gagara, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai ambaci laifinmu a gaban 'yan jarida ba.

Burl Gentry bai taɓa fashin Alhamis ba. Shekara bakwai yana karɓar ƙwallo daga hannuna. Ga sanƙo, ga tumbi, ga baki ba linzami, kuma a gaskiya kafaɗarsa ta riga ta mutu, jifansa ya koma kamar na mai jefa wa kaji tsaba. Amma namu ne. Shi ya tsaya asibiti da ni ranar da aka haifi 'yata. Saura mako ɗaya a fara kakar wasa, Koci Haskell ya kira shi ofis ya ce ya miƙo littafinsa na dabarun wasa, an sallame shi. Mu ƙarti biyar muka tsaya muna kallonsa yana kwashe kayansa daga kabad, ba wanda idonsa bai yi ja ba.

Wanda aka ba gurbinsa shi ne Emmett Ruzicka, ɗan shekara ashirin da uku, daga wata gonar masara a Nebraska. Dogo ne siriri, da kunnuwa fatan-fatan, kowa "Yallaɓai" ne a wurinsa har mai wanke mana riguna. Hannu kam Allah ya ba shi, ban taɓa ganin irinsa ba. Murya ce babu. Idan muka haɗa kai a fili don ya faɗa mana dabarar da za a yi, sai ka kasa kunne kamar mai satar jin gulma.

"Me kika ce, amarya?" in ji Faleolo, wanda ke tsayawa a damana, wani mutumin tsibirin Samoa da faɗin bayansa ya kai ƙofar gareji. "Ɗaga murya mana, ba surukanki a nan."

Emmett ya yi murmushin yaƙe ya sake faɗa. Sunan ya bi shi daga ranar.

Alhamis ta farko ya turo mana saƙo a waya: ya kama tebur a gidan abincin Lindqvist da ke bakin tafki, ƙarfe biyar da rabi. A ranar kuma Burl ya ce mu zo garejinsa, ya gasa haƙarƙari. Ai ba sai an tambaya ba. Muka ce mako ɗaya ne, mutumin yana cikin zafin kora, yaron zai fahimta. Ba wanda ya amsa saƙon, kowa ya ɗauka wani zai amsa. Alhamis ta biyu ma garejin Burl muka nufa, kuma wani saƙon bai sake zuwa ba.

A wasa na uku aka kayar da shi sau shida. Yana fitowa daga fili, leɓe a fashe, wani ɗan jarida ya cusa masa makirfo a baki ya tambaye shi me ya hana shi jifa. Ya ce, "Ko lokacin ɗaga kai ban samu ba." Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mana rai ke nan. Ran Litinin Faleolo ya yanko shafin jaridar ya manna a ƙofar kabad ɗinsa. Emmett ya zo ya tsaya a gabana yana murza hularsa.

"Yallaɓai Maki, wallahi ba haka nake nufi ba. Kaina ne ke juyawa, ban ma san na faɗa ba."

"Mun ji," na ce, na ci gaba da ɗaure takalmina.

Ba mu yi taro ba, ba wanda ya ce a yi kaza. Lahadi ta zagayo, aka sake kai shi ƙasa, ina tsaye taku ɗaya daga inda yake kwance. Na dube shi, ya dube ni, har ya fara ɗago hannu. Na juya na koma sahu. Sauran huɗun suka ga abin da na yi, kuma ni ne babba a cikinsu.

Ina so a fahimce ni a nan, don na ji masu cewa da gangan muka riƙa buɗe wa abokan gaba hanya. Ƙarya ce tsagwaronta. Duk mai faɗar haka ya zo ya dubi yatsuna, uku daga ciki a kakar nan suka karye. Mun tare masa iya ƙarfinmu, tsufa ne ya kama biyu daga cikinmu, ɗaya kuma gwiwarsa ta lalace. Abu ɗaya kawai muka hana shi, hannu bayan an busa usur. A lokacin gani nake ƙaramin horo ne da zai sa ya san girman na gaba da shi.

Kakar ta lalace. Wasa uku muka ci, aka lallasa mu a goma sha ɗaya. Yaro ya fara jifa kafin lokaci saboda tsoron duka, ƙwallo na faɗawa hannun abokan gaba, 'yan kallo na yi masa ihu tun yana fitowa daga ɗakin sauya kaya. Ya koyi tashi da kansa. Sai ya mirgina gefe, ya kafa gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya miƙe. Tun yana jan lokaci har ya ƙware, kafin ka juya ya dawo sahu yana tofar da ciyawa. A ɗakin cin abinci shi da littafinsa ne a kusurwa. A bas in za mu tafi wasa wani gari, kujerar da ke kusa da shi jakarsa ce ke zama a kai.

A Disamba aka kori Koci Haskell, mutum ɗaya tilo da ke tsaya masa. A Janairu aka kawo Koci Dubose daga Mississippi, wani baƙin dattijo gajere da ba ya rabuwa da tsinken sakace a baki. Ranar da ya fara tara mu bai yi minti biyu yana magana ba.

"Ban san ku ba, kuma kada wanda ya zo min da labarin wani. Bidiyon wasanninku zan kalla, shi ba ya son kai."

Ya zo da nasa mai jifan, Rusty Calloway, wanda suka yi aiki tare a da. Ya ce Calloway da Emmett za su gwabza a atisayen Afrilu, wanda ya fi ya zauna, ɗayan ya kama gabansa, don ba shi da gurbin ajiye biyu. Daga nan gidajen rediyon garin suka samu abin yi. Safe da yamma maganar ɗaya ce, Ruzicka zai zauna ko zai tafi, kuma direbobin manyan motoci da ko ƙwallo ba su taɓa riƙewa ba suna bugo waya suna yanke masa hukunci.

Cikin Fabrairu na kai matata Darla cin kifi a gidan Lindqvist. Rabona da wurin an fi shekara. Mai gidan da kanta ta kawo mana, wata tsohuwa siririya mai farin gashi, tabarau a rataye a wuya. Ta dire farantin a gabana da ƙarfi har romo ya fantsama.

"Kai ne sittin da huɗu."

"Ni ne, Iya."

"Ashe kana da ƙafafu. Na ɗauka gurgu ne kai."

Darla ta ajiye cokali. "Me kuma ya yi?"

Tsohuwar ta nuna wani kewayayyen tebur kusa da tagar da ke kallon tafki. "Kun ga wancan? Mutum shida yake ci. Tun Satumba yaron nan yake kama shi duk Alhamis. Biyar da rabi zai shigo da rigarsa mai kwala, ya ce in jera faranti shida da kofi shida. Ya zauna yana kallon ƙofa. Sai bakwai ta yi zai ce in kawo masa nasa. Na ce masa, ɗana, bari in mai da kai ƙaramin tebur, ka ga mutane suna kallonka. Ya ce a'a, Iya, in suka zo suka tarar ba wuri fa?"

"Sau ɗaya ya turo mana saƙo," na ce. "Sau ɗaya tak."

"Sau nawa ake gaya wa ƙato kamarka inda abinci yake?"

"Amma ai an gama kaka tun Disamba."

"Shi dai yana zuwa. Bai tafi gida ba, ya ce yana karatun littafin sabon kocinku." Ta goge romon da tsumma, ta wuce.

Kifin nan ban ji ɗanɗanonsa ba. A mota, da muka hau tudun unguwarmu, Darla ta ce, "Orval, shekarunsa nawa?" Na ce ashirin da uku. Ta ce, "Kai fa?"

Washegari na samu Faleolo a ɗakin ɗaga ƙarfe na ba shi labari. Ya ajiye ƙarfen ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, Maki, tsufa ya fara taɓa maka zuciya. Wa ya aike shi? Mutumin da ya tona mana asiri a jarida?"

"Gaskiya ya faɗa, Fale."

"Gaskiyar me? Sau nawa muka bari aka tattake Burl, ka taɓa jin ya buɗe baki? In tausayi kake ji, je ka kai kaɗai. Ka gaishe min da amarya, ka cinye har rabona."

Alhamis da ta biyo na tafi. Na ajiye mota a tsallaken titi, injin na aiki, dusar ƙanƙara na sauka a gilashi. Ƙarfe shida saura, fitilun gidan abincin a kunne, ga shi can ta taga. Rigar mai kwala, littafi a buɗe, kofi shida a jere. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai. Na yi minti ashirin hannuna a kan mabuɗin ƙofar mota. Na ce wa kaina in na shiga ni kaɗai, kujeru huɗun da suka rage za su fi yi masa ciwo. Ƙarya nake yi wa kaina. Kunya ce ta riƙe ni, da girman kai, don ban san yadda mutum mai shekara talatin da huɗu zai zauna gaban yaro ya ce na zalunce ka ba.

A nan cikin motar na ƙulla wata dabara da ta yi min daɗi. Na ce bari Satumba ta zo. Wasan farko, faɗuwar farko, zan ruga in ɗaga shi a gaban dubban mutane, in kaɗe masa hula, su Faleolo su gani. Wannan ya fi dogon surutu, kuma shi ne yaren da muke ji. Na sa giya na ja mota. Garejin Burl na nufa, aka ba ni haƙarƙari na ci.

Abin da ban lissafa ba shi ne jar riga. A atisaye mai jifa jar riga yake sawa, ma'anarta kada wanda ya kuskura ya taɓa shi, ko da yatsa. Ana zuwa kusa da shi za a busa usur. Mako uku muka yi a Afrilu cikin taɓo da iskar tafki mai yanka kunne, Emmett bai faɗi ko sau ɗaya ba. Kullum rigarsa tsaf, mu kuma kamar an tsamo mu daga kwata.

Kuma ya yi jifa. Koci Dubose ya gyara masa tsayuwar ƙafa cikin kwanaki kaɗan, ƙwallo ta dawo tana fita daga hannunsa tana feɗuwa. Calloway bai kama ƙafarsa ba a jifa, amma shi mutum ne mai baki. Kwana uku da zuwansa ya san sunan matar kowa. Alhamis ta farko ya shigo ɗakin sauya kaya yana tafi.

"Ku gwarazan ci, ina ake samun naman kirki a garin nan na ƙanƙara? Ku tashi, yau ni ne ubanku."

Kowa ya kwashe da dariya, aka tashi. Emmett yana zaune a gaban kabad ɗinsa yana ɓalla maɓallin rigar nan mai kwala. Na gan shi. Na bi su duk da haka, ina ce wa kaina Satumba na nan tafe.

Sau ɗaya muka keɓe ni da shi. An tashi atisaye kowa ya gudu daga sanyi, sai ya biyo ni da ƙwallo a hannu.

"Yallaɓai Maki, ko za ka miƙo min guda ashirin? Sabon ƙirgen da kocin nan ya kawo na lokacin miƙa ƙwallo yana rikita ni."

"Ka daina ce min Yallaɓai. Ni ba gwamna ba ne."

Na duƙa na miƙa masa ashirin, na ƙara masa goma. Da muka gama ya tsaya yana jujjuya ƙwallon.

"Kana ganin zai bar ni?"

"Jifanka ya fi na Calloway, ko makaho ya sani."

Ya yi dariya, ta gaske, karo na farko da na ga haƙoransa duka. "Babana ya bugo jiya. Ya ce in gaya masa da wuri, ko ya ajiye min kujerar tarakta ko ya nemi wani, don shukar masara farkon Mayu ce. Na ce ya ɗan jira." Ya sunkuyar da kai. "In aka sallame ni a nan ba mai ɗaukata, Maki. Duk wanda ya kalli bara ba zai kira ni ba."

Maganar teburin ta zo min har maƙogwaro. Na haɗiye ta, na ce masa ya shiga ciki kada mura ta kama shi.

Ranar ƙarshe ta atisaye Alhamis ce. Ƙarfe tara na safe aka ce Koci yana nemana. Ba ɗan wasan da zai ji wannan gabansa bai faɗi ba, na shiga ina lissafin gwiwoyina da shekaruna.

"Zauna, Maki. Ba korarka zan yi ba, saki ranka. Ja labulen nan."

Ya kunna bidiyo ba sauti. Na ɗauka kurakuran tarewata zai nuna min, amma babu wasa a ciki ko kaɗan. Ya sa an yanke komai, an bar daƙiƙun da ke biyo bayan usur kawai. Ga Emmett a kwance. Ga bayan wani ƙato yana tafiya, sittin da huɗu ɓaro-ɓaro a rigarsa. Emmett ya mirgina, gwiwa, tafin hannu, ya miƙe. Aka yanke. Wani filin, wani garin, ruwan sama. Emmett a kwance, sittin da huɗu na gyara safar hannu yana kallon wani wuri. Aka yanke. A wani ya daɗe bai motsa ba, mu biyar muna tsaye a jere mun ba shi baya, sai wanda ya kayar da shi ɗin ne, ɗan ƙungiyar abokan gaba, ya waiwaya ya ga ba kowa, ya dawo ya ɗaga shi.

Ban taɓa ganin bayana na tsawon lokaci haka ba. Na tsani mutumin nan mai lamba sittin da huɗu, da ina da hali da na shiga allon na shaƙe shi.

"Arba'in da ɗaya," in ji Koci, ya kashe. "Na ƙirga sau biyu."

"Koci, laifinmu ne, ba nasa ba." Na kwashe komai na gaya masa, Burl da garejinsa, jarida, teburin mutum shida. Ya bar ni na gama yana juya tsinken a baki.

"Na sani. Na ci kifi wurin tsohuwar, ta wanke ni tas kamar ni na yi."

"To, tunda ka sani."

"Ƙafarsa na gyara cikin mako biyu. Hannunsa ya fi na Calloway, ban musa ba. Amma ni baƙo ne, Maki. Ku kuka san shi, ku kuke jin numfashinsa a bayanku. Ku biyar kun kaɗa ƙuri'a a kansa sau arba'in da ɗaya."

"Mun canza."

"Kai da wa? Jiya na kira Faleolo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗa suka ɗaga min."

"To ni na canza."

"Tun yaushe?"

"Fabrairu."

Ya cire tsinken daga bakinsa ya dube ni. "Yau muna ƙarshen Afrilu. Mako uku ina shiga ɗakin cin abinci ina ɗaukar kofi da ba na sha, don kawai in ga ko wani zai ja kujera ya zauna kusa da yaron nan. Kai nake jira musamman, don an ce kai suke bi. Da ka zauna sau ɗaya, da yanzu wata maganar muke yi."

"Satumba nake jira. Na ce faɗuwar farko zan ɗaga shi a gaban kowa."

"Jira kake a kayar da shi tukuna." Ya girgiza kai. "Ba zan iya korar mutum biyar in bar ɗaya ba, ba a ba ni wannan damar ba. Ɗaya nake iya kora."

"Ka ba ni wasa ɗaya, Koci. Don Allah. Wasa ɗaya tak."

"Tun ƙarfe takwas na gaya masa. Ga littafinsa nan a kan tebur."

Na same shi a ɗakin sauya kaya, kowa ya fita fili. Yana zaune a ƙasa a gaban kabad ɗinsa, ƙafafu a miƙe, kwali a tsakaninsu, yana naɗe shi da selotef. Jar rigar tana kan benci, ya ninke ta tsaf.

"Na ji," na ce.

"Ba komai, Yallaɓai. Au, Maki." Ya ja selotef ɗin ya yanke da haƙori. "Na bugo wa Baba. Ya ce dama bai nemi kowa ba."

Na tsaya a kansa kamar gunki.

"Zan roƙe ka wani abu," ya ce, bai ɗago ba. "In ka bi ta bakin tafki, ka gaya wa Iya Lindqvist ta daina ajiye teburin. In na kira da kaina za ta riƙe ni da faɗa, ni kuma ina so in kama hanya da rana."

"Emmett, wata Alhamis cikin Fabrairu na zo. Na zo har bakin wurin."

"Na ga motarka ai. Shuɗiyar nan." Ya shafa saman kwalin yana daidaita selotef. "Na ɗauka wurin ajiye mota kake nema. Har na ce wa Iya ta kawo burodi."

Babu zafi a muryarsa, kuma da akwai da ya fi min sauƙi. Ya gama, ya dafa kwalin, ya ja ƙafafunsa zai tashi. Na matsa taku ɗaya na duƙa na miƙa masa hannun dama, tafin a buɗe, da karkatattun yatsuna, yadda na miƙa wa Burl Gentry shekara bakwai ba tare da na taɓa tunani ba.

Ya dubi hannun. Ya dubi kwalin, ya sake duban hannun. Sai ya ɗauki selotef ɗin ya ɗora min a tafi.

"Na gama da shi," ya ce. "Na ofis ne, ka mayar musu."

Ya mirgina gefe, ya kafa gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya miƙe. Ya rungumi kwalinsa ya tura ƙofa da kafaɗa. A fili na ji usur, da muryar Calloway yana kiran sittin da huɗu ya zo a fara. Ina nan a duƙe, selotef a hannuna.